Wane Aji Za Ka Shiga? Shawara Ga 'Yan Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo

Gabatarwa

Duk wanda ya bi ta gaban allon sanarwa a makon farko na zangon da ya wuce ya ga takardu uku da muka manna. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu ta raba darasinta na barkwanci gida uku, ana yi kowace Laraba da la'asar: ajin wasan nan-take, ajin rubutu, da ajin kwaikwayo. Muka ce kowane ɗalibi ya sa sunansa a takarda ɗaya tak. Kafin a kaɗa ƙararrawar abincin rana takardar nan-take ta cika, har ana rubutu a bayanta. Ta kwaikwayo ta kai rabi. Ta rubutu kuwa sunaye shida ne a kanta, kuma da muka bincika sai muka tarar biyu daga ciki abokansu ne suka rubuta musu don tsokana.

Tun daga ranar ɗalibai ke tare mu a hanya suna tambaya, “Malam, wanne ya fi?” Wasu iyaye ma sun tambaye mu a ranar ziyara, ko da yake tasu tambayar dabam ce, kuma za mu zo kanta. Mun ga ya dace mu ba da amsa a wannan mujalla ta shekara domin kowa ya karanta a tsanake. Amsar a taƙaice ita ce: ka fara da ajin da kake gudu. Sauran wannan rubutu bayanin dalili ne.

Abin da ya jawo rabon

A bikin ba da kyaututtuka na bara 'yan ƙungiyar sun yi wani gajeren wasa ba tare da rubutu ba, kamar yadda aka saba shekara da shekaru. Ana cikin wasa sai labarin ya kakare, 'yan wasa suka rasa inda za su nufa. Wani ɗalibinmu, wanda kowa ya san Allah ya ba shi baki, ya ga zaure ya yi tsit, sai ya kama kwaikwayon tafiyar dattijon da ke gadin ƙofar makaranta, wanda ƙafarsa ɗaya ta samu rauni tun yana saurayi. Zaure ya kece da dariya har da tafi. Mu ma da ke zaune a layin gaba wasunmu sun dara, ba za mu ɓoye ba. Sai da muka waiwaya muka hangi Baba tsaye a bakin ƙofar zaure, riƙe da hannun jikarsa da ya kawo kallo. Bai ce uffan ba, ya ja yarinyar ya koma bakin aikinsa.

Yaron nan ba mugu ba ne. Washegari shi da kansa ya je ya durƙusa ya ba Baba haƙuri. Babban laifin namu ne, mu malamai, domin mun tura yara kan dandamali da baiwa kawai, ba mu ba su abin da za su riƙe idan wasa ya tsaya ba. Wanda shirun 'yan kallo ya tsorata yakan cafki abin dariyar da ya fi kusa da hannunsa, kuma abin da ya fi kusa sau da yawa shi ne nakasar wani, ko gurguwar Hausar wata ƙabila, ko talaucin maƙwabci. Magana kuwa zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Wannan ne ya sa muka zauna muka raba darasin, domin kowane ɓangare na wannan sana'a ya samu lokacinsa. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da kowanne ke bayarwa da kuma inda ya gaza.

Ajin wasan nan-take

Wasan nan-take shi ne wanda ake ƙaga maganarsa a kan dandamali, ba takarda, ba hadda. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. 'Yan kama, waɗanda ke juya kowane zance zuwa zancen abinci, da ka suke yi. Haka wasan gauta da matan fada kan yi suna kwaikwayon sarki da fadawansa, haka kalankuwa da samari kan shirya bayan kaka, haka tashen yara a watan azumi. Wasannin rediyo da talabijin da iyayenmu suka so ma yawancinsu a kan wannan hanya aka gina su: a tsara ƙashin labari, kowa ya san matsayinsa, magana kuwa a ƙaga ta a wurin. Manya suna tunawa da Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, tsohon sojan da ya fara wasansa a rediyo a Kaduna a shekarun 1970 kafin ya koma talabijin, ya riƙa ba mutane dariya da Hausar bariki. Ya rasu a 2023. Suna tunawa da Ƙasimu Yero na Karambana, wanda ya rasu a 2017. Ku kuma na baya kun fi sanin Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014.

Abin da ba mu yi ba shi ne mayar da wannan gado darasi mai ƙa'ida da za a iya koya wa yaro a aji. Wasu a wata ƙasa sun yi hakan, kuma dabarunsu muke amfani da su ranar Laraba. Wata malama a birnin Shikago na Amurka, Viola Spolin, ta yi aiki da 'ya'yan baƙin haure wajen ƙarshen shekarun 1930, yaran da ba su gama jin harshen juna ba. Sai ta ƙirƙiro ƙananan wasanni masu doka, waɗanda ke sa yaro ya manta da kunya ya mai da hankali ga abokin wasansa. Ta tattara su a littafi a 1963. Ɗanta Paul Sills yana cikin waɗanda suka kafa gidan wasan barkwanci na Second City a Shikago a watan Disamba na 1959, kuma a kan wasannin mahaifiyarsa aka horar da 'yan wasan farko na gidan.

Babbar dokar wannan aji ita ce ka karɓi abin da abokinka ya kawo, sannan ka ƙara naka a kai. Alal misali, yaro ya shigo da gudu ya ce, “Likita, akuyata ta haɗiye agogona!” Idan na biyu ya ce, “Ni ba likita ba ne, kuma akuya ba ta cin agogo,” to wasa ya mutu a nan take, ko da an ɗan yi dariya. Amma idan ya gyara tabarau ya ce, “Matso da ita in ji ƙarfe nawa,” hanya ta buɗe. Na farko zai iya cewa tun jiya duk awa sai ta yi kuka, na biyu ya ce ai sai a kai ta tashar jirgin ƙasa a ba ta aiki. Kun ga babu wanda ya zo da wannan labari daga gida. Tsakaninsu suka gina shi.

Saboda haka abin da ajin nan ke koyarwa da gaske shi ne sauraro. Ɗalibai da yawa sun shiga suna zaton za a koya musu zuba, sai suka tarar makonni biyun farko wasan madubi ake yi, mutum biyu suna fuskantar juna, ɗaya na motsi ɗaya na bin sa ba magana, ko kuma a zauna da'ira a ba da labari kowa kalma ɗaya. Yana kuma koyar da rashin tsoron kuskure, domin a wannan aji kowa yana kwafsawa sau goma a yini, a yi dariya a wuce.

Inda ya gaza kuwa mun riga mun gani a bikin bara. Abin da ake ƙagawa a tsaye yawancinsa dusa ne, tsabar kaɗan ce. In an yi sa'a an samu wasa mai kyau, gobe ba za a iya maimaita shi ba. Sannan mai wasan nan-take da bai koyi komai ba sai shi yakan maƙale wa dabara ɗaya. In an taɓa yi masa dariya don ya kwaikwayi mashayi, to duk wasan da aka sa shi mashayi zai zama, ko da limamin coci aka ce ya fito.

Ajin rubutu

Wannan shi ne ajin da kowa ya guje wa, domin yara suna ganin insha'i ne aka sake masa suna. Gaskiya ne akwai biro da takarda, akwai kuma gyara, har sau uku ko huɗu. Amma duba abin da gyaran ke yi. Wata ɗalibar ajin ta rubuta wasiƙar da ɗan makarantar kwana ke aika wa mahaifinsa. A rubutun farko ta ce: “Baba, ina sanar da kai ba ni da ko kwabo, har aljihuna ya zama kamar mara lafiya saboda rashin kuɗi.” Aka karanta, ba wanda ya motsa. Bayan gyara na uku sai ta koma haka: “Baba, ina gaisuwa. Makaranta lafiya, malamai lafiya, aljihu ne dai ke kwance a asibiti.” Ma'anar ba ta sauya ba, amma aji duka ya fashe da dariya. Ta koyi abu uku a jimla ɗaya. Ta jera abu biyu da suka saba wa kunne, na uku ya kauce. Ta ajiye kalmar da ke ɗauke da dariyar a ƙarshe. Ta kuma cire bayanin da ke nuna wa mai sauraro inda zai yi dariya, domin barkwancin da aka yi wa fassara ya riga ya huce.

Da yawa daga cikinku kuna son Mista Bin, wato Rowan Atkinson na ƙasar Ingila, kuna kuma zaton tun da ba ya magana sosai to babu rubutu a wasansa. Akwai. Shirin nan kashi 15 ne kacal, an nuna su daga 1990 zuwa 1995, kuma Atkinson ya zauna ne da marubuta irin su Richard Curtis da Robin Driscoll suka tsara abin da zai faru mataki-mataki. Kashi 15 ɗin nan har yau ana kallonsu a ƙasashen da ba a jin Turanci, domin an gina su da kyau tun daga takarda.

Rubutu kuma shi ne ke sa wasa ya rayu bayan mai shi. Wasan Marafa na Abubakar Tunau ya fito a 1949, Uwar Gulma na Mohammed Sada a 1968, Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi a 1970. Duk makarantar da ta samu ɗaya daga cikinsu za ta iya raba matsayi ga ɗalibanta ta fara gwaji gobe. Amma gwanayen barkwanci nawa aka yi a ƙauyukanmu, waɗanda in sun buɗe baki a dandali sai mutane sun riƙe ciki, suka tafi da abinsu kabari? Jikokinsu sai dai su ce, “Kakanmu akwai ban dariya,” in ka ce su faɗi ɗaya sai su yi shiru.

Babban amfanin wannan aji a wurinmu shi ne yana ba mutum lokacin yin tambayar da ba a iya yi a kan dandamali: wa ake yi wa dariyar nan, kuma zai iya ramawa? Kakanninmu sun san wannan tambaya. Wasan da ke tsakanin taubasai, ko jika da kaka, ko Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarbawa, yana da iyaka da kowa ya sani. Wanda ka tsokana yana da ikon ramawa, kuma ba a fushi. Darajar wannan al'ada ta kai har hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin dangi na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Baba mai gadi kuwa ba taubashin kowa ba ne a zauren nan, ba shi kuma da dandamalin da zai hau ya rama. Da yaronmu ya ga abin da ya yi a rubuce a takarda kwana uku kafin biki, da shi da kansa zai sa biro ya soke shi.

Rubutu ma yana da inda ya gaza. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mutane ba yakan rubuta Hausar takarda, wadda ba a yin ta a kasuwa. Mun taɓa karɓar wasa inda mai sayar da tumatir ya yi jawabi mai layi goma sha biyu ba tare da mai saye ya katse shi ba. A wace kasuwa? Sannan marubuci yakan ƙaunaci jimlarsa har ya ƙi yarda a taɓa ta, ko da kowa ya ga ba ta tafiya.

Ajin kwaikwayo

A nan ake koyon yadda za a ɗauki abin da wani ya rubuta a sa masa rai. Aikin jiki ne da murya. Yaya za ka yi magana wanda ke bencin ƙarshe ya ji ka, ranar da aka ɗauke wuta lasifika ta mutu? Ina za ka tsaya don kada ka ba 'yan kallo baya ko ka tare abokinka? Idan aka yi dariya, yaushe za ka ci gaba? In ka yi sauri dariya ta haɗiye maganarka ta gaba, in ka daɗe wasa ya yi sanyi. Muna ba ɗalibai jimla ɗaya, “Shinkafar ta ƙare,” mu ce a faɗe ta a bakin mai dafa abinci da ya gaji, sannan a bakin ɗan aji ɗaya da ya zo layi a makare, sannan a bakin firifet da ya ɓoye kwano biyu a ƙarƙashin tebur. Kalmomi uku ne ba su sauya ba, amma mutum uku ake gani.

Darasi mafi wuya a wannan aji shi ne kada ɗan wasa ya nuna ya san abin da yake yi abin dariya ne. Mai akuyar da ta haɗiye agogo dole hankalinsa ya tashi da gaske, kamar agogon na aro ne kuma mai shi yana hanya. Da zarar ya fara murmushi yana satar kallon abokansa a cikin 'yan kallo, dariyar ta zama tasa shi kaɗai.

Wannan aji yana kuma koyar da haƙurin maimaici. Charlie Chaplin, a fim ɗinsa City Lights na 1931, ya sake ɗaukar fitowa guda, inda ya fara haɗuwa da makauniya mai sayar da furanni, fiye da sau 300 kafin ya gamsu. Wanda ya kalli fim ɗin zai ɗauka abin haka kawai ya zo masa. Mu kuwa in muka ce a sake fitowa sau biyar sai a fara kumbura fuska. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gazawarsa ita ce ɗan wasan da hadda kawai ya iya yana rataye ne a wuyan wasu. In ba a ba shi takarda ba, ba shi da abin yi. In abokinsa ya manta layinsa, shi ma ya tsaya kamar an dasa shi. Waɗanda suka halarci wasan Kirsimati na zumuntar matasa shekara biyu da suka wuce suna tunawa da mai masaukin da ya yi tsaye shiru kusan minti guda, don wanda ya kamata ya ƙwanƙwasa ƙofa bai fito ba. Yaron ya haddace matsayinsa tsaf, amma ba wanda ya taɓa koya masa abin da zai yi in abu ya kauce wa tsari.

Ra'ayinmu

Idan kun lura, abin da kowane aji ya rasa yana hannun ɗan'uwansa. Shi ya sa muka ce ka fara da wanda kake gudu, domin yawanci abin da mutum ke gudu shi ne abin da ya rasa.

Kai da ke ba ɗakin kwana dariya kowane dare har sai firifet ya yi tsawa, ba ka bukatar a koya maka ƙarfin hali. Kana da shi har ya yi yawa. Je ka ajin rubutu, ka koyi zama, ka koyi soke abin da ka rubuta da hannunka, ka koyi tambayar wa za ka taka. Ke da ke cika littafi da labarai amma in malam ya kira sunanki sai muryarki ta maƙale, kin riga kin san hanyar biro. Je ki ajin nan-take, ki kwafsa a gaban mutane ki ga ba a mutuwa, ki ji da kunnenki yadda mutane ke katse juna in suna magana. Kai kuma mai kawo dabaru masu kyau amma in ka hau dandamali kana magana da ƙirjinka kana rawar ƙafa, ajin kwaikwayo ke jiranka. Wanda ya iya hadda ya iya tsayuwa amma bai taɓa ƙaga komai nasa ba, ya zaɓa tsakanin sauran biyun. 'Yan aji ɗaya da ba su san ƙarfinsu ko rauninsu ba tukuna, su fara da nan-take, domin a can cikin mako huɗu mutum yakan gane kansa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wani malami abokin aikinmu ya ƙalubalance mu a ofishin malamai, ya ce wannan shawara ta saɓa wa hankali. A ganinsa kamata ya yi yaro ya gina kan baiwarsa, domin in ka tura mai baki ajin rubutu zai gaji ya gudu, ka yi asarar sa gaba ɗaya. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma mun ga wanda ya gudu. Amma zango ɗaya muka ce, ba shekara shida ba. Baiwa ba ta ruɓewa cikin wata uku, musamman da yake mai ita yana motsa ta kullum a ɗakin kwana da filin ƙwallo ba tare da an sa shi ba. Raunin ne ba ya samun mai kula da shi in ba an tilasta ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ya kuma ce ai su Samanja ba su shiga ajin rubutu ba. Haka ne. Amma sun shekara da shekaru suna wasa da mutane ɗaya har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa, suna da mai shirya shiri da ke tsara labari, suna da agogon gidan rediyo da ba ya jira. Wannan ma makaranta ce, kuma ta fi tamu tsanani. Gidan Second City da muka ambata ma, wanda aka san shi da wasan nan-take, ba ya tsayawa a nan. 'Yan wasansa sukan ƙaga abu a gaban jama'a, su ɗauki wanda ya yi kyau su gyara shi, su maimaita har ya zama tsayayyen wasa. Makarantarsa tana koyar da darussan nan uku dabam-dabam. Tina Fey ta karanta wasan kwaikwayo a jami'a, ta koyi nan-take a wannan gida, sannan ta shiga shirin talabijin na Saturday Night Live a matsayin marubuciya a 1997, ta zama mace ta farko da ta shugabanci marubutansa a 1999. Ta bi ta ƙofa uku kafin duniya ta san sunanta.

Ga iyayenmu

Tambayar iyaye ita ce ko wannan duka ba ɓata lokaci ba ne, alhali jarrabawar WAEC da NECO na tafe. Muna girmama wannan damuwa, domin ku ke biyan kuɗin makaranta da guminku. Ba za mu yi muku alkawarin cewa 'ya'yanku za su ci abinci da barkwanci ba. Kaɗan ne ke samun haka, kuma ba don shi muka buɗe azuzuwan ba. Awa ɗaya da rabi ne a mako, a lokacin da aka ware wa ƙungiyoyi, ba ya taɓa lokacin karatun dare. Yaron da ya gyara wasiƙar barkwanci sau uku ya koyi gyara insha'insa. Wanda ya tsaya gaban mutum ɗari bai ruɗe ba zai iya tsayawa gaban masu ɗaukar aiki, ko gaban aji, ko ya karanta sanarwa a majami'a a ji shi.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. A yau yaro da wayar hannu yana iya ɗaukar bidiyon minti ɗaya ya sa a intanet, kafin gari ya waye dubban mutane sun gani. Abin da ya faru da Baba a zaurenmu mutum ɗari kaɗan suka gani, aka ba da haƙuri ya wuce. Da a waya aka ɗauka, da har yanzu yana yawo, jikarsa ta girma ta tarar da shi. 'Ya'yanmu za su yi barkwanci ko mun koya musu ko ba mu koya musu ba. Gara su koye shi a gabanmu, inda za a iya ce musu wannan ya yi, wannan bai yi ba.

Kammalawa

Yaron da muka ba da labarinsa yana cikin mutum huɗun da suka sa sunansu a takardar rubutu da hannunsu. Ba da son ransa ba ne da farko, kuma sau biyu yana neman a mayar da shi nan-take muna hanawa. A ƙarshen zango ya kawo wasa mai fitowa uku a kan wasu ɗalibai da ke ƙulla dabarun satar fita gari, da wani mai gadi da ke gane kowace dabara tun kafin a gama ƙulla ta. Kafin mu amince da shi mun ce ya je ya karanta wa Baba. Baba ya saurara har ƙarshe, ya ce wuri ɗaya ne ba daidai ba: ba ta bayan ɗakin girki ake tsallakawa ba, ta wajen bishiyar mangwaro ne, kuma tun shekara ashirin ya san da haka. Aka gyara. Wannan wasa ne za ku gani a bikin bana in Allah ya kai mu, kuma Baba ya ce zai kawo jikarsa.

Za a sake manna takardun uku a makon farko na sabon zango. Kafin ka ɗauki biro, tsaya ka dubi wadda zuciyarka ke cewa ka wuce ta da sauri, ka sa sunanka a kanta. Allah ya ba mu hutu lafiya, ya dawo da mu lafiya.

Daga Malamin da ke kula da Ƙungiyar Wasan Kwaikwayo